KAFIN KA CIRE INJIN FETUR KA ƊORA NA DIZAL: SHAWARA GA MANOMI MAI A-KORI-KURA

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin duk wani mai a-kori-kura ya rikice. Litar da ake saye a kan kimanin naira 185 ta kai naira 617 a Abuja cikin watan Yuli na waccan shekara, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Motar da ke kwaso doya daga Zaki Biyam, ko shinkafa daga fadamun Bida, ko tumatir daga gona zuwa bakin titi, ta koma tana cinye kaso mai tsoka na ribar kaya tun ba a sauke su ba. Daga nan ne wata shawara ta fara yawo a garejoji da tashoshin mota, cewa a cire injin fetur a ɗora na dizal, wanda direbobi ke kira gas. Wasu ma suka ƙara da cewa in hali ya yi manomi ya riƙa haɗa mansa da kansa daga gyaɗa ko manja ko bi-ni-da-zugu, ya yi bankwana da gidan mai.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun da wuri. Ga mafi yawan manoma, sauya inji ba ya mayar da kuɗin da aka kashe masa. Akwai 'yan kaɗan da zai amfana, kuma zan bayyana su. Batun ƙona man girki a cikin mota kuwa, a halin da ƙasarmu take ciki, hasara ce tsagwaronta. Duk da haka akwai wata 'yar ƙofa da man tsirrai zai iya shiga ya yi wa manomi aiki, amma ba a cikin a-kori-kura take ba.

INJI BIYU, HALITTA BIYU

Da farko a kawar da wani ruɗani. Injin fetur ba ya komawa na dizal, komai gwanintar bakanike. Injin fetur yana zuƙo iska gauraye da mai, ya matse su kamar sau 8 zuwa 11, sannan fulogi ya yi tartsatsi wuta ta kama. Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta sau 15 zuwa 22 har ta ɗauki zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani shi ya sa ake ƙera fistin da karanshaf da gangar jikin injin dizal da ƙarfe mai kauri, shi ya sa kuma ya fi nauyi, ya fi ƙara.

Manyan kamfanoni ma sun gwada bin gajeriyar hanya sun sha wuya. A 1978 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da injin dizal mai lita 5.7 a motocinsa na Oldsmobile, wanda aka zana bisa tsarin wani injin fetur. An ƙara wa gangar jikinsa ƙarfi, amma aka bar adadin notunan da ke ɗaure murfin silinda yadda suke a na fetur, ba a kuma sa masa matatar da ke raba ruwa da mai ba. Gasket ya yi ta ƙonewa, famfon mai ya yi ta lalacewa, masu motoci suka yi ta kai ƙara kotu, har aka daina ƙera injin a 1985. Abin da ya gagari injiniyoyi masu ɗakunan gwaji, kada wani ya ce maka zai yi shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Saboda haka duk inda ka ji ana maganar "mayar da mota ta dizal", abin da ake nufi shi ne a fitar da inji ɗungurungum a kawo wani.

ABIN DA SAUYIN YA ƘUNSA

Mai sayar da inji a Ladipo ta Legas, ko Nkwo ta Nnewi, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuɗin inji kaɗai zai faɗa maka. Sauran kuɗin a gareji za ka gamu da su, ɗaya bayan ɗaya. Mazaunin inji sai an yanke an sake walda. Bakin giya sau da yawa ba ya haɗuwa da sabon injin, ko da kuwa kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Kuloci sai an sauya. Lagireto yana bukatar wanda ya fi girma. Batir ma haka, domin tayar da injin da ke matse iska sau 20 ba wasa ba ne, ga kuma wayarin na hita da ke ɗumama silinda kafin tashi. Tanki sai an sauke an wanke shi tas, an cire famfon fetur na lantarki idan akwai, an ja sabon layin da ke mayar da rarar mai, an ɗaura matata mai raba ruwa. Nauyin da ya ƙaru a gaba kuwa sifirin da taya ne za su ɗauke shi a hanyar gona mai ramuka.

Akwai kuma batun gudu. Injin fetur yana iya juyawa sau 5,500 zuwa 6,000 a minti, tsohon injin dizal kuwa da wuya ya wuce 4,200. Idan aka bar giya da aksul na baya waɗanda aka auna wa fetur, mota za ta riƙa kururuwa a kan kwalta alhali ba ta wani gudu, kuma tsimin man da aka yi sauyin dominsa ya ragu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birki, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sakin layi sau biyu. A motar fetur, baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki tana samun ƙarfinta ne daga zuƙar iskar da injin ke yi. Ita ce ke sa ka taka birki da sauƙi mota ta tsaya. Injin dizal ba ya samar da irin wannan zuƙa, don haka ake sa masa wani ƙaramin famfo na musamman, wanda a tsofaffin injunan Toyota yake manne a bayan altaneta. Injin da aka yanko daga wata mota yakan iso babu wannan famfo, ko an musanya altanetar da wata. Mota za ta tashi lafiya, ta zagaya gari lafiya, birki ya ɗan yi tauri a ce sabo ne zai saki. Ranar da aka loda mata buhu 15 ta kama gangaren Akwanga ko na Mambila, ranar za a san abin da aka rasa. Gwajin kuwa ba shi da wuya. Ka kashe inji, ka tattaka birki har feda ta yi tauri, ka riƙe ta da ƙafa, sannan ka tayar da mota. Idan komai daidai ne za ka ji fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, kada ka fita da motar daga gareji.

Sai takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasin an gyara ba, bai kuma adana rasit ɗin sayen injin ba, ya buɗe wa kansa ƙofar fitina a kowane shingen bincike, kuma ya ba kamfanin inshora hujjar ƙin biya ranar tsautsayi.

A ZAUNA A YI LISSAFI

Gaskiya ne injin dizal ya fi tsimi. Litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma injin ya fi iya juya wannan ƙarfi zuwa aiki. Sai dai manomi ba da lita yake biya ba, da naira yake biya, kuma gwamnati ta daɗe da sakin farashin dizal tun kafin ta saki na fetur. A farkon 2022 ana sayen litarsa ƙasa da naira 400, amma bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren ya kai kusan naira 800 cikin 'yan watanni. A farkon 2024 ya haura naira 1,500, kafin matatar Dangote ta fara sayar da nata, ta kuma sauko da farashin sari zuwa naira 1,000 a watan Afrilu na shekarar. Man da ke irin wannan hawa da sauka, ba a gina lissafin shekara biyar a kan farashinsa na rana ɗaya.

Don haka mu yi lissafi da lita, kai kuma ka sa farashin garinku. Mu ɗauka motarka tana shan lita 13 na fetur a kilomita 100 idan da kaya, kuma bayan sauyi za ta sha lita 10 na dizal. Wannan yana nufin muddin farashin dizal ya ɗara na fetur da kashi 30 cikin 100, ba ka tsira da ko kwabo ba. Mu kuma ɗauka farashin biyu ya zo daidai, wanda shi ne abin da mai sauyi ke fata. Idan kana yin kilomita 20,000 a shekara, fetur lita 2,600 ke nan, dizal lita 2,000, ka rage lita 600. To sai ka tara kuɗin inji, da giya, da lagireto, da batir, da walda, da wayarin, da ladan bakanike, da makonnin da mota za ta yi a ajiye kana hayar ta wani, ka raba da kuɗin lita 600. Abin da ya fito shi ne yawan shekarun da za ka jira kafin uwar kuɗi ta dawo. Ka tuna kuma cewa injin da za ka saya ya riga ya yi rayuwa a wata ƙasa, ba ka san tsawonta ba, kuma gyaran famfon dizal da nozul ya fi gyaran kafireto tsada nesa ba kusa ba.

Manomi nawa ne ke yin kilomita 20,000? Da yawa motarsu tana aiki tuƙuru wata uku ko huɗu na kaka, sauran shekara sai ranar kasuwa da ɗauko taki. Irin wannan manomi zai iya tsufa bai ga ribar sauyin ba. An gudu gara an tarar da zago.

Wanda sauyin zai iya yi wa rana shi ne wanda sharuɗɗa uku suka haɗu a kansa. Motarsa tana kan hanya kusan kullum da kaya masu nauyi. Injin fetur ɗinsa ya riga ya mutu, ko ta yaya sai ya sayi wani. Sannan motar tana cikin irin waɗanda kamfaninsu ya ƙera su iri biyu tun asali. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, tana da 'yar'uwa mai injin dizal na lita 2.3. Tsohuwar Hilux mai injin fetur 22R tana da 'yan'uwa masu injin 2L, da 3L, da 5L, wato lita 2.4, da 2.8, da 3.0. A irin waɗannan, kayan da ake bukata akwai su a kasuwa, ba sai an ƙirƙira ba. Hanya mafi aminci ita ce a sayi gaban mota da aka yanko gaba ɗaya, inji da giya da lagireto da altaneta da wayoyinsu, a juye su tare. Ka sa a tayar maka da injin da sanyin safiya, ba bayan an ɗumama shi ba. Hayaƙi shuɗi alamar yana shan man juye ne. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa alamar matsi ya yi rauni ko ruwa na shiga. Ka buɗe murfin man juye yana aiki. Idan yana huci kamar tukunyar dambu, ringi ya gaji.

Ina ba da shawarar a nisanci injunan zamani masu kwamfuta, irin su 2KD da 1KD, wajen wannan aiki. Injuna ne nagartattu a motocin da aka ƙera su dominsu, amma suna fesa mai da matsin da ya ninka na iskar tayar mota sau ɗari biyar ko fiye, kuma ɗigon ruwa ko kananzir ɗin da aka gauraya a jarkar 'yan bumburutu ya isa ya kashe nozul huɗu a rana ɗaya. Manomin da ke sayen mai a ƙauye, injin mai famfon ƙarfe wanda ba ruwansa da kwamfuta shi ne abokin tafiyarsa. Kafin duk wannan ma, ka tambayi nawa za a sayi motarka yadda take, da nawa za ka ciko ka sayi wadda ta fito daga kamfani da injin dizal. Sau da yawa cikon bai kai kuɗin sauyi ba, kuma ranar sayarwa dillali ba zai karya ta da sunan "mai haɗe-haɗe" ba.

MAN TSIRRAI A CIKIN INJI

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kusa da aikina, kuma shi ya fi daɗin ji a kunne. Tunanin ba sabo ba ne. A bikin baje kolin duniya na birnin Faris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa, bisa bukatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka inda gyaɗa ke da yawa. A 1937 wani masani a Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya zama mai na inji, kuma a 1938 wata motar safa ta yi jigila da shi tsakanin Burasels da Luben. Ke nan ba a tababa cewa abin yana yiwuwa. Tambayar ita ce ko yana da riba gare ka.

Da farko a bambanta abu biyu. Ɗanyen man gyaɗa ko manja ya fi dizal kauri kamar sau goma. Idan aka zuba shi kai tsaye a tanki, nozul ba ya iya fesa shi ya zama hazo, sai ya ƙone rabi da rabi, ya bar baƙin gawayi a bakin nozul, ya liƙe ringi, ragowar ta gangara ta gurɓata man juye. Mota za ta yi tafiya yau, ta yi gobe, har mai ita ya fara yi wa maƙwabta wa'azi. Ɓarnar sai bayan watanni take bayyana. Bayodizal kuwa shi ne man da aka rage wa wannan kauri ta hanyar haɗa shi da sinadarin metanol da ɗan sodar sabulu a zafin kimanin digiri 55. Kowace litar mai tana cin kusan mililita 200 na metanol. Bayan an gauraya sai gilisarin ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama, a wanke shi da ruwa, a busar. A baki abu ne mai sauƙi. Amma metanol guba ne: yana makantarwa, yana kisa, yana shiga ta fata da numfashi, kuma wutarsa da rana da ƙyar ake ganinta. Ba aikin tsakar gida ba ne inda yara ke wasa ana girki a gefe. Daɗin daɗawa, manjan da ake matsa a gargajiyance yakan zo da asid mai yawa saboda daɗewar kwakwa kafin a dafa ta, kuma irin wannan mai idan ya gamu da soda sabulu yake zama.

Yanzu mu koma gona. Mu ɗauka hekta ɗaya ta ba ka kilo 1,200 na gyaɗa da ɓawonta. Bayan ɓara za ka samu kamar kilo 840, injin matsa kuma ya fitar maka da lita 350 ko kusa da haka. Bayodizal bai kai dizal ƙarfi ba da kashi 8 zuwa 10 cikin 100, don haka motar nan mai shan lita 2,000 za ta bukaci wajen lita 2,200. Hekta shida da ɗoriya ke nan na gyaɗa, ga lita 440 na metanol da za ka saya da kuɗi daga birni. Sannan ka je kasuwa ka tambayi farashin litar man gyaɗa, ka gwada shi da na dizal. Wanda ya sayar da man gyaɗarsa ya sayi dizal zai dawo gida da canji a aljihu. Ban ma taɓo matan da ke rayuwa a kan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba, waɗanda tsadar gyaɗa ta riga ta matsa musu.

Za a ce ai Indunusiya tana yi. Haka ne. Ta wajabta gauraya dizal da kashi 30 na bayodizal a 2020, ta kai 35 a 2023, ta kai 40 a 2025. Amma Indunusiya tana samar da manja fiye da tan miliyan 45 a shekara, tana neman inda za ta kai rara. Nijeriya, wadda ita ce kan gaba a duniya a farkon shekarun 1960, abin da take samarwa bai wuce kimanin tan miliyan ɗaya da rabi ba, har sai ta shigo da ƙari kafin ya ishi tukunya da masana'antu. Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, wadda ta yi hasashen gauraya fetur da kashi 10 na etanol, dizal kuma da kashi 20 na bayodizal. Shekaru suka shuɗe ba a ga wannan mai a gidajen mai ba, kuma a ganina babban dalili shi ne ba mu da rarar man da za a gauraya. Ƙasar da ba ta ƙoshi da miya ba, ba ta zuba manja a tanki.

To bi-ni-da-zugu fa, tun da ba a cin sa? A shekarun 2000 an yi masa kirari iri-iri: yana fita a fako, ba ya son taki, ba ya son ruwa. Indiya ta tsara shuka shi a fiye da hekta miliyan 11 a shirinta na 2003. Kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwar noma shi a 2007, ya janye a 2009, kuma manyan gonakinsa da aka buɗe a ƙasashen Afirka da dama sun durƙushe. Dalilin na ilmin noma ne, kuma kowane manomi zai gane shi. Tsiro ya rayu a fako daban, ya ba da amfani a fako daban. Bi-ni-da-zugu yana jure fari, amma ba ya 'ya'ya da yawa sai ya samu ƙasa mai kyau da ruwa, wato ƙasar da masara ke so. 'Ya'yansa ba sa nuna lokaci ɗaya, sai an yi ta komawa ana tsinka da hannu. Ana bukatar kilo huɗu zuwa biyar na iri kafin a samu lita ɗaya, ke nan motarmu ta misali za ta ci wajen tan goma a shekara. Tunkuzarsa kuma guba ce ga dabba, saɓanin ta gyaɗa ko ta angurya da ke biyan wani ɓangare na kuɗin matsa.

Ko da bayodizal mai kyau ya zo hannunka, a san halinsa. Yana wanke dattin da ya daɗe a tanki ya tura shi cikin matata, don haka matata biyu ko uku na farko sukan toshe da wuri. Yana cin tiyon roba na tsofaffin motoci. Yana jan ruwa, kuma ba a so a ajiye shi fiye da wata shida. Wanda aka yi da manja yana fara daskarewa a wajen digiri 13 zuwa 16, abin da mutanen Jos da Mambila za su gamu da shi da asubar hunturu. Gaurayen kashi 5 cikin 100 ba ya damun kusan kowane inji, kashi 20 kuma tsofaffin injuna masu famfon ƙarfe suna ɗauka, amma zalla sai wanda ya san abin da yake yi.

WATA ƘOFA DA SAUYIN KE RUFEWA

Injin fetur, saboda yana da fulogi, yana karɓar iskar gas da ake matsawa a tulu ba tare da an taɓa cikinsa ba. Na'ura ake ƙara masa, kuma yana iya komawa fetur da danna maɓalli. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan wannan iska a 2023, ga kuma bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara aikinsa a 2020. Wanda ya jefar da injin fetur ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Ba ina cewa kowa ya ruga can ba ne. Tulun yana cin wurin kaya, kuma ba shi da amfani ga wanda babu gidan iskar a hanyar da yake bi. Matsin da ke cikinsa ya ninka na tayar mota kusan sau tamanin, kuma fashewar da aka samu a wani gidan mai a Benin cikin Oktoban 2024 ta faru ne da tulun da aka yi wa walda a gari. Amma manomin da ke kai kaya Abuja ko Ibadan ko Benin a kai a kai, ya kamata ya auna wannan kafin ya sa a kwance masa inji.

INDA MAN TSIRRAI ZAI YI AIKI

Idan ana son man tsirrai ya shiga aikin gona a ƙasar nan, to ta injunan da ke zaune wuri ɗaya zai shiga: injin niƙa, injin casar shinkafa, injin gurzar rogo, da manyan famfunan ban-ruwa masu amfani da dizal. Waɗannan injuna masu silinda ɗaya suna juyawa a hankali, suna aiki awa da awa da zafinsu, nozul ɗinsu guda ne mai araha, kuma duk bakaniken ƙauye ya iya kwance su. A ƙasar Mali an yi shekaru ana gwada irin wannan da man bi-ni-da-zugu da ake samu daga shingayen gonaki. A nan ne hikimar take, domin shinge ba ya ƙwace wa hatsi wuri, yana hana dabbobi shiga, yana tare zaizayar ƙasa, irin kuma ya zo a matsayin ƙari. Haka 'ya'yan darbejiya da ke zuba a banza a garuruwanmu, da tsohon man suya na manyan gidajen abinci da masana'antun soye-soye, wanda maimaita girki da shi ma illa ne ga lafiya.

Wannan aikin ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. Ƙungiyar manoma ko ta mata masu matsar mai za ta iya mallakar injin matsa guda, ta ware ɗaki nesa da gidaje, ta tura mutum biyu su koyi aikin a hannun masana, ta kuma riƙa kai samfur ana aunawa. A fara da kashi 5 cikin 100 a inji ɗaya. A tace man da ƙyalle mai laushi sannan da matata. A tayar da inji da dizal zalla, a kuma kashe shi da dizal zalla, domin kada mai kauri ya kwana a famfo. A rage tazarar juyen mai zuwa rabin yadda aka saba. A ajiye littafi ana rubuta awannin aiki da litar da aka sha, a kwance nozul bayan kowace awa 100 a duba bakinsa. Idan an gama kaka guda bakin nozul yana da tsabta kuma man juye bai yi kauri ba, sai a ƙara zuwa kashi 10, a sake buɗe sabon shafi a littafin.